Nijar ta bayan Illela: tambayoyin da mutanen Sakkwato ke yawan yi

Tun da anka rufe iyaka a 2023 tambayoyi kan Nijar ba su ƙare ba, ɗalibai na yi, 'yan kasuwa na yi, har tsofaffi a majalisa. Ni mahaifiyata 'yar Ƙonni ce, rabin dangina na can, shi ya sa da an taɓo maganar sai a juyo wurina. To ga waɗanda sunka fi maimaituwa na tara wuri ɗaya.

Wai ina Nijar ta fara ina ta tsaya, kuma mi ake nufi da ƙasar da ba ta da teku?

Daga Sakkwato in ka kama hanyar Kware ka wuce Gwadabawa, wajen kilomita 85 ka kai Illela, daga nan ɗan taƙi ne ka shiga Birnin Ƙonni, to ka shiga Nijar kenan. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Najeriya girma nesa ba kusa ba don tamu 923,768 ce, sai dai fiye da kashi biyu cikin uku hamada ce, shi ya sa jama'arta da sunka haura miliyan 25 mafi yawansu a kudu suke, manne da mu. Jihohinta takwas: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai babban birni.

Ƙasashe bakwai sunka kewaye ta, Najeriya, Binin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi, ba ta ko ina ta taɓa ruwan teku. Ma'ana duk abin da jirgin ruwa ya ɗauko mata, daga shinkafa har maganin asibiti, sai ya sauka tashar wata ƙasa sannan a ɗora a mota. Kamar mai gida ne da ƙofarsa ke cikin zauren maƙwabci, ran da sunka saɓa ya kwana da tunani. Duba amsar shigowar kaya a ƙasa.

Duk Hausawa ne a can?

A'a, amma Hausawa sun ɗara rabi. Sai Zabarmawa da Sanwai wajen kashi ɗaya cikin biyar, su ne a Yamai da Doso da Tilaberi, sai Buzaye, Fulani, Barebari, Tubawa, Larabawa da Gurmawa. Kusan kowa Musulmi ne. Hausar Ƙonni da Tawa da Madawa kuwa tamu ce sak, "munka" da "sunka" da "wanga", abin da ya bambanta mu shi ne aron kalma, mu mun ara daga Ingilishi su daga Faransanci. Makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, kwastan kuma duwan. A Maris 2025 gwamnatin soji ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa a sabuwar dokar da ta kafa, Faransanci ya koma harshen aiki shi da Ingilishi.

Abin da ke burge ni da su shi ne yadda sunka riƙe wasan dangi, Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Bazabarme da Buzu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Ga kuma kokowa da sunka mayar abin ƙasa tun 1975, jihohi takwas na neman takobi guda, ranar kammalawa kasuwa ma sai ta yi sanyi.

Da gaske a Nijar anka haifi Shehu Ɗan Fodiyo?

Ƙwarai kuwa. A Maratta anka haife shi a 1754, garin na cikin ƙasar Gobir a lokacin, yau kuma yana kusa da Galmi cikin jihar Tawa. Daga baya iyalin sunka koma Degel. Kuma ya tafi har Agadas neman ilimi wurin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wato tun kafin hijira zuwa Gudu a 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto, hanyar karatu da ta fatauci duk ɗaya ce, ayarin raƙuma na sauko da gishirin Bilma da dabino su koma da gero da tufa.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 sarautun da ba su yi mubaya'a ba arewa sunka nufa. Katsinawa sunka kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci sunka kafa Tsibiri, shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce mai, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri zanen fuska ɗaya, kaka ɗaya. An yi yaƙi tsakani, gaskiya ne, ba na ɓoye wannan, amma faɗan cikin gida ne, an yi auratayya kafin shi an yi bayansa. Damagaram ita daban take, daula ce mai ƙarfi da ta fi jingina da Borno.

To wa ya ja wanga layi da ya raba mu?

Ingila da Faransa, a kan takarda, a Turai. A 1890 sunka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Chadi. A 1898 sunka sake zama, nan ne anka ɗora tsinin abin zane a kan birnin Sakkwato anka zagaya da'ira mai nisan mil 100 anka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne, alhali ko Sakkwaton ba su ci ba sai Maris 1903. Faransawa sunka yi ta ƙorafi cewa an bar su da busasshiyar hanya, ba rijiyar da za su shayar da dabbobi tsakanin Kwara da Damagaram, shi ne anka gyara a 1904 da 1906 anka turo layin kudu, su Ƙonni sunka faɗa hannun Faransa. Ka ga kenan ƙishirwar dawakin Bature ce ta sa gwaggona ta zama 'yar wata ƙasa.

Shigowar Faransa da jini ta zo. A 1899 rundunar hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanuwan, ta biyo tana ƙone garuruwa, Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu, a Birnin Ƙonni kuwa sun yi kisan da har yau tsofaffi ba su son tuna shi, a ƙarshe sojojinsu ne sunka kashe su kusa da Tasawa. Ko boren Satiru na 1906 nan kusa da mu, ɗaya daga jagororinsa Ɗan Makaho daga ɓangaren Faransa ya tsallako. A 1916 Kawusan, jagoran Buzaye, ya tada nasa yaƙin da Faransa a Agadas. Damagaram ce hedikwata har 1926 sannan anka mayar Yamai, aka ce Jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, 'yanci kuma ran 3 ga Agusta 1960 da Diori Hamani a kan mulki. Iyakar yau kusan kilomita 1,500 ce, ta shafi Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno.

Mi ya sa sojoji ke yawan karɓe mulki a can?

Sau biyar anka yi. Seyni Kunce ya kifar da Diori a Afrilu 1974 ana tsakar fari da zargin an yi sama da faɗi da abincin agaji. Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da Mahaman Usman a 1996 bayan shugaban ƙasa da firaminista sun kasa zama inuwa ɗaya, shi kuma dogarawansa sunka harbe shi a filin jirgin Yamai a 1999. Tandja Mamadu ya nemi tazarce a 2009, Salu Jibo ya ɗauke shi a Fabrairu 2010. Sai Abdurrahman Tiani da ya tsare Muhammad Bazum ran 26 ga Yuli 2023, shekara biyu da 'yan watanni bayan Muhammadu Isufu ya miƙa mai mulki, wanda shi ne karo na farko da zaɓaɓɓe ya miƙa ma zaɓaɓɓe.

A ganina gwamnatin da kuɗinta kaɗan ne, rabon kuma duk a Yamai ake yinsa, duk wanda ya riƙe fadar ya riƙe komi, kuma bariki na nan kusa da fadar. Mu 'yan Najeriya dai ba mu da bakin gori a wannan fanni.

Tunda ba teku, ta ina kaya ke shigo musu?

Hanyar da anka saba kafin 2023 ita ce Kwatano ta ƙasar Binin, a sauke a tasha a ɗauko ta Malanbil a haye gadar Gaya, wajen kilomita 1,000 kafin Yamai. Ta biyu ita ce Lome ta ƙasar Togo, a biyo ta cikin Burkina Faso, ta fi nisa kuma yanzu sai da rakiyar soja saboda 'yan bindiga. Kowane shinge a hanya kuɗi ne, kowane kwana da mota ta yi a tsaye kuɗi ne, duk a kan buhun shinkafa yake ƙarewa. Jirgin ƙasa babu mai aiki, layin da anka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso bai yi amfani ba, shi ya sa anka sa rai da na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita wajen 284 da anka aza harsashinsa a 2021.

Sai kuma mu. Masara, gero in nasu ya gaza, siminti, robobi, taki, kayan masarufi, daga kasuwanninmu suke tafiya. Har wuta, wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da suke sha kafin 2023 daga Najeriya yake zuwa, babban layin ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Kuma ba kyauta ba ce kamar yadda wasu ke faɗa, saye suke, kuma ruwan da ke juya injin Kainji ta ƙasarsu ya biyo kafin ya iso mana.

Ƙasar da ke da yuraniyom, ya anka yi take cikin mafi talauci a duniya?

Wagga ita ce tambayar da ta fi ci mini rai. An gano yuraniyom a 1957 tun Faransa na mulki, anka fara haƙa a Arlit a 1971 da kamfanin SOMAIR, sai COMINAK a 1978 wanda anka rufe a 2021 da ma'adinin ya ƙare. A lokacin kamfanin Faransa, a da Areva yanzu Orano, shi ke da kaso mafi tsoka kuma shi ke saye. Kafin 2023 manyan motoci kan ɗauko shi cikin ganguna su biyo Agadas da Tawa, su gifta nan gefen Ƙonni su nufi Kwatano, a can Faransa kuma wajen kashi biyu cikin uku na wutarsu daga nukiliya take, alhali a Nijar da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki a gida. Wanda ya ga wannan ya ji haushi bai yi laifi ba.

Amma ka sani yuraniyom ba kamar man fetur ba ne wajen kawo kuɗi. Abin da Nijar ta fitar a 2022 bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na duniya ba, farashinsa ya yi sama a ƙarshen shekarun 1970 anka gina manyan gine-ginen Yamai da titin Tawa zuwa Arlit, sai ya faɗi a farkon 1980 ya bar su da bashi. Ko da an ba su haƙƙinsu cif bai isa ya ciyar da miliyan 25 ba. Ga fari da ke dawowa, na 1973 da na 1984 da yunwar 2005, ga tsadar sufuri da na faɗa a sama, ga jama'a na ƙaruwa da sauri don mace ɗaya kan haifi 6 zuwa 7 a matsakaici, kusan rabin 'yan ƙasar ba su kai shekara 15 ba, kowace shekara sai an ƙara aji da asibiti kafin a tsaya inda ake. Gwamnatin yanzu ta ƙwace lasisin mahaƙar yuraniyom ta Imuraren daga Orano a 2024, ta mayar da SOMAIR na ƙasa a 2025, sai dai kaya ko naka ne sai ka sami hanyar kai shi kasuwa, maganar teku ta sake dawowa kenan.

An ce yanzu suna da man fetur?

Suna da shi, a Agadem cikin jihar Difa, kamfanin CNPC na Sin ke haƙa. Matatar SORAZ kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana. Sannan anka shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar Binin mai ɗaukar ganga 90,000 a rana, jirgin farko ya yi lodi a Mayu 2024, amma saɓani da Binin da kuma masu fasa bututu sun sha tsayar da shi. Akwai zinari ma a Samira da Jado, da gawayin ƙasa kusa da Agadas, da siminti a Malbaza.

Cire tallafin mai da anka yi a Najeriya a Mayu 2023 ya taɓa su sosai, don man jarka da ke tsallakawa daga wajenmu ya daina araha, kowa ya koma gidan mai, har anka yi dogayen layuka a Maris 2025.

To talaka da mi yake rayuwa?

Noma da kiwo, su ne rayuwar mafi yawan mutane. Gero, dawa, wake, gyaɗa, aya a Maraɗi, tattasai a Difa, sai albasa 'yar Galmi da ta yi suna har Gana da Kwaddibuwa, duk manomin albasa a Gada ko Goronyo ya san irinta. Dabbobi kuwa je Illela ran Lahadi ka gani, balami da uda da raƙuma da shanun Azawak, rago da yawa da ake layya da shi a Legas ɗan Nijar ne. Da an gama girbi samari su fito cin rani, mai shayi, mai ga-ruwa, mai gadi, abin da sunka tara shi ke cike rumbu in damina ta yi gardama. Ina roƙon matasanmu a daina yi musu kallon raini, mutumin da ya bar iyalinsa wata shida yana tura kura da jarkoki cikin zafin Sakkwato ba rago ba ne.

Wani abu da ya kamata mu koya: tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram sunka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona, sai su zaɓi toho ɗaya ko biyu su yi mai aski su bar shi ya girma. Da wannan kawai anka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, gawo ya dawo gonaki, ganyensa taki 'ya'yansa abincin awaki. Ranar 'yancinsu ma dashen itace suke yi.

Ya lissafin sefa, kuɗin Nijar, yake, kullum sai in ruɗe?

Da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tebur ya ce maka dala ashirin to sefa 100 yake nufi, dala ɗari sefa 500, jika guda kuma sefa 1,000. Ranar da na fara kai ƙanena Ƙonni ya tsaya wurin mai tsire, mutumin ya ce "ɗari ne, ɗan uwa", yaro ya miƙa ƙwandalar da anka rubuta 100 a kai ya juya zai tafi, mai tsire ya bi shi da murmushi ya ce "saura huɗu irinta, kai ɗan Najeriya ne ko?"

Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, shi ya sa ba ta tangaɗi kamar naira, rabon da a karya ta tun Janairu 1994. Da can jika guda ba ta kai naira dubu ba, a 2024 ta haura naira 2,000, wannan ya sa kayanmu sunka yi musu araha nasu sunka yi mana tsada, dillalan dabbobi sun fi kowa sanin haka.

Rufe iyakar 2023 wa ya fi cutarwa?

Talakan ɓangarorin biyu. Bayan juyin mulki ECOWAS, da su ke ce ma Sedeyawo, ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, har anka yi barazanar yaƙi, malamai da sarakuna sunka shiga tsakani, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ma yana cikin tawagar da ta je Yamai. Na je Illela a watan Agusta na shekarar, tireloli jere sun kai inda ido ya tsaya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mota suna dafa shayi, wani yaron mota na zubar da buhunan da sunka ruɓe yana toshe hanci. Gwaggona a Ƙonni tana da ciwon suga, maganinta daga Sakkwato muke aika mata, sai da munka riƙa ba ɗan kabu-kabu yana bi ta gonaki, kuɗin kai saƙon ya fi kuɗin maganin, kuma a hanya sai an tare shi an karɓi na goro.

Ba shi ne na farko ba. An rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma rufe a 1984 ana tsakar fari, har mutanen can sunka laƙaba ma yunwar shekarar suna El-Buhari. An ɗage takunkumi a Fabrairu 2024 anka buɗe iyaka a Maris, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun kafa ƙawancensu na AES tun Satumba 2023, fitarsu daga ECOWAS ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, na Amurka a 2024.

Matsalar tsaro daga can take zo mana ko daga nan take je musu?

Duka biyu. Boko Haram daga Borno ta shiga Difa tun 2015. 'Yan bindigar dajin Zamfara da gabashin Sakkwato sun kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa, jihar Maraɗi ce ta karɓe su, ƙauyawa sunka raba gero da su tun kafin hukumomin agaji su iso, wannan alheri ne da bai kamata mu manta ba. Lakurawa kuma da sunka addabi Tangaza da Gudu ta ɓangaren Mali da Nijar sunka ɓullo. Ɗan bindiga bai san layin 1906 ba, in sojojin ƙasashen biyu ba su magana da juna shi ke cin riba, ya yi ɓarna nan ya kwana can.

Ina son in je ziyara ko saro kaya, mi zan riƙe?

Riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kada ka dogara da katin zaɓe ko na ɗan ƙasa kaɗai, musamman in za ka wuce Ƙonni zuwa Yamai ko Tawa, don tun fitarsu daga ECOWAS bincike ya ƙaru. Canza kuɗinka a Illela wurin wanda anka san shi, ka ƙirga a gabansa. Tafi da rana, bi babbar hanya, kada ka ɗauki hoton shinge ko bariki, kuma ka bar gardamar siyasa a tasha. Jandarma in ya tsayar da mota kowa zai sauko da takardarsa a hannu, yi mai sallama da Hausa ka amsa abin da ya tambaya kawai. In kaya za ka saro ka biya duwan ka karɓi takarda ka adana ta, za a sake tambayarka ita a gaba. Kuma in gidan dangi za ka sauka kada ka je hannu rabbana, goro da turmin atamfa har yanzu su ne tsarabar da tsofaffin can ke so daga Sakkwato.